Inda Dogo Ya Ƙare

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Kifi nake soyawa a bakin gadar Wudil, kuma in ka cire Kano da wani ɗaurin aure da na taɓa zuwa Azare, to duniyata daga kaskon suya ta fara, a bakin kogi ta tsaya. Gidanmu gidan masunta ne tun kakanni, amma ni ruwa ya sallame ni da wuri. Ranar da na hau gora ya fashe a ƙarƙashin tumbina, sai da kifayen kogin nan suka kwana uku suna dariya. Daga nan na koma bakin wuta, ina juya kifi ina ba direbobi labari, kuma kowa ya san labarina sai an rage masa kashi biyu cikin uku kafin a ɗauka. Sai ga shi ni aka aika har inda layin dogo ya ƙare a bakin teku. Ƙanwata ce ta aike ni.

Shekara shida kafin nan yayanmu da mijinta suka bar gari. Kogi ya ja baya, taru yana fitowa da leda fiye da karfasa, sai wani ya zo musu da labarin wani gari can kudu inda kifi ke yi wa masunta yawa. Suka ɗaure komarsu ta kamun kifi, kowa ya rataya goransa, irin babban goran nan da masunci ke kwanciya a kai da ciki yana tuƙi da hannu da ƙafa, suka tafi. Mijin nata ɗan Utai ne, siriri, mai yawan murmushi, kuma abokin wasana. Shekararsu biyu da aure a lokacin.

Tun daga tafiyar ba wanda ya sake jin muryarsa. Yaya ne ke bugo waya, da farko duk wata, daga baya sai ranar Sallah. Maganar kullum ɗaya ce: mutumin ya samu aiki a wani babban jirgin ruwa, suna can tsakiyar teku inda ba sabis, yana gaishe ta. Ni kuma na ɗauki jirgin nan na yi ta kiwonsa. Duk ranar da na ga ta zauna shiru da hular da take ɗinkawa a cinya, sai in ƙara masa tsawo. Na ce mata a cikinsa akwai kasuwa da masallacin Juma'a. Na ce mai tuƙin jirgin sai ya hau babur in zai je gaishe da na baya. Takan yi dariya, ni kuma in ɗauka aikin lada na yi.

Dangi sun sha ce mata ta je wurin alƙali a raba auren. Ta ƙi. Ta ce mutumin bai taɓa ɓata mata ba, ba za ta kai ƙararsa yana bayan ido ba. Malamin unguwarmu a Sabon Gari kuma ya ce wanda gaisuwarsa ke zuwa duk Sallah ba za a kira shi ɓatacce ba. Haka ta zauna a gidanmu, ba ita ga masu miji ba, ba ita ga zawarawa ba.

Bayan Babbar Sallah ta shida, gaisuwar ta sake zuwa. Ina cikin bayanin yadda suke yanka ragon layya a jirgin, wai sai an ɗaure shi da igiyar da ta kai kaurin cinyata, ta ajiye allura.

"Yaya, ya isa haka," ta ce min. "Ka je ka zo min da shi. In ya ƙi zuwa, ka zo min da takardata. In kuma babu shi, ka zo min da wanda ya gani."

Na buɗe baki zan yi wasa, na ga idonta, na rufe.

Mota uku na shiga, kowacce ta fi ta baya tsufa, kafin na isa wani gari inda aka ce daga nan hanyar mota ta lalace, fadama ta cinye ta, sai jirgin ƙasa. Jirgin tarago uku ne, ɗaya na mutane, biyu na kifi. Gudunsa kuwa, wata akuya ta raka mu tun daga tasha, ta gaji da jira ta wuce mu. Talata da Juma'a kaɗai yake zuwa. Yakan isa da hantsi, a loda masa kifi, bayan la'asar ya juyo.

Ban taɓa tunanin layin dogo yana da ƙarshe ba sai da na gani. Ƙarafan biyu suna tafe suna tafe, sai kawai suka ci karo da wani dakalin siminti da aka jingina wa tsofaffin katakai, shi ke nan. Bayan dakalin ciyawa ce, bayan ciyawa ruwa. Tashar kanta ɗaki ɗaya ce da rumfa, gishiri ya ci kwanon rufinta har ana ganin sama ta wasu wuraren. Akwai benci guda, tankin ruwa, da guntun ƙarfen dogo da aka rataye a jikin itace ana bugawa a madadin ƙararrawa. Mata sun jera kwanduna tun daga rumfar har bakin taragu, ƙanƙara tana narkewa tana bin ƙasa. Ni da matata ke cewa ko an wanke ni da omo sau bakwai ƙarni ba zai bar ni ba, a tashar nan na san ashe ni turare ne.

Mai kula da tashar wani dattijo ne baƙi gajere, da tuta biyu a hammata, ja da kore. Ya taɓa aiki a Arewa yana saurayi, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ban gama kwatanta wanda nake nema ba ya nuna min da haɓa.

Da ba a nuna min ba da na wuce shi. Yayanmu shi ne wanda in ya nutse a ƙarƙashin gada mutane ke zuwa su sayi rake su dawo kafin ya ɓullo. Yanzu ga wani ramammen mutum da furfura, gammo a ka, yana ɗaukar kwando daga rumfa zuwa tarago. Ƙafarsa na fara dubawa, don ɗan gidan masunta ƙafa yake fara dubawa. Duk ta yi kaushi ta tsattsage, ƙafar wanda ya daɗe bai tsaya cikin ruwa ba.

Ya sauke kwandon a hankali. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi iyalina, ya tambayi baffanmu da ciwon ƙafarsa, ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta gida gida, ya tambayi damina da kasuwar Juma'a da ko har yanzu shanu na tare gada. Mutum ɗaya ce bai tambaya ba. Ni ma ban ambace ta ba. Ya nemi izini wurin dattijon, ya ja ni bayan tasha, wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye tsofaffin fitilun jirgi. Tabarma ɗaya, buta ɗaya. A jikin bango an rataye gora biyu.

Na san na biyun, na mijin ƙanwata ne. A gefen bakinsa akwai ɗinkin da aka yi da zaren taru, ni na riƙe masa lokacin da yake ɗinkewa, ina tsokanarsa wai goran ya fi shi ƙiba.

Na ce, "Ashe a jirgin nasu ba a shiga da gora."

Ya ce in zo in ga wani abu.

Muka bi ta gefen dakalin simintin, muka ratsa ciyawa, muka fito bakin wani rafi mai faɗi wanda ke shiga teku can gaba kaɗan. Ruwan ya cika taf, ja-ja-ja, kwance lumui, ƙananan kifaye suna tsalle. Wallahi da an rufe min ido an kawo ni, da na rantse bayan gadarmu ne da kaka. Yaya ya karya wani kara ya soka daidai bakin ruwan, ya ce in zauna in sa masa ido.

Muka zauna. Ban saba zama shiru ba, amma na yi. Can sai na ga ruwa ya bar karan da taki ɗaya. Kafin in gama mamaki ya bar shi da taki biyar. Tsakiyar rafin da ke kwance ta fara tafiya, ganye da itace suna wucewa da gudu, duk sun nufi teku. Kwale-kwalen da ke ɗaure suka fara kwanciya a kan taɓo ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, sau ɗaya yake tafiya, kuma yana ba da sanarwar makonni. A nan sau biyu yake yi kowace rana. Ba wanda ya taɓa faɗa mana, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba.

A nan ya ba ni labarin, idonsa a kan karan. Ranar da suka sauka daga jirgi, da hantsi kamar yau, ba su san kowa ba, ba su jin yaren garin. Suka ajiye kaya a rumfar tasha, suka leƙo suka ga ruwan nan a cike, kifi yana tsalle. Suka ce bari su kama na abincin rana, su kuma nuna wa mutanen garin su wane ne suka zo. Da suka kwanta a kan goruna suka tura, mutanen bakin rafi suka taso suna ɗaga hannu suna ihu. Wani yana ta buga ƙarfen tasha. Su suka ɗauka goran ake yi wa dariya, don ba a taɓa ganin irinsa a can ba. Har mijin ƙanwata ya ɗaga musu hannu.

Sun kai tsakiya lokacin da ruwan ya juya. Yaya ya ji jan ya fi ƙarfin hannunsa, ya saki komarsa, Allah ya sa ya ci karo da wani turken da mutanen garin ke kafawa don tarkon kifi, ya rungume shi. Shi kuwa ɗayan yana can gaba, bai saki komarsa ba, bai ma tsorata ba. A Wudil in ruwa ya fi ƙarfinka ba ka faɗa da shi. Kwanciya kake yi ya tafi da kai, can gangare akwai yashi, ka fita ka saɓa goranka ka dawo da ƙafa. Tun muna yara haka aka koya mana, kuma bai taɓa cin kowa ba. Abin da ya yi ke nan. Ya gyara kwanciya, ya waiwayo.

"Cewa ya yi, 'Yaya, mu haɗu a gangare.'" Yaya ya share bakinsa da bayan hannu. "Yana murmushi ya faɗa. Ina kallonsa har ya kai inda rafin ya ƙare, inda ruwa ke tashi fari. Na ga goran ya hau sama, na ga ya sauko. Na biyu da ya hau ba kowa a kansa."

Masu kwale-kwale suka ciro Yaya daga jikin turken. Sun fita nema har rana ta faɗi, washegari ma haka. A kwana na uku ruwa ya dawo da goran shi kaɗai. Dattijon tasha ya ba shi ɗakin fitilu ya kwana, daga baya ya ba shi dakon kwanduna. Da farko gawa yake jira. Daga baya shi ma bai san abin da yake jira ba. Tun ranar bai ƙara taka ruwan ba, alwala ma daga tanki yake yi.

Na tambaye shi to jirgin ruwan fa, daga ina ya samo shi.

Ya juyo ya dube ni a karo na farko. Ya ce ranar da abin ya faru, da yamma, ya bugo waya gida don ya faɗa, ni na ɗauka. Na tambayi hanya, na tambayi teku ko da gaske ba a ganin ƙarshensa, sannan na ce ya ba ni mutumin mu gaisa. Shi ya yi shiru. Ni kuma shiru ba ya zama kusa da ni. Sai na ce, ko dai ya samu wani babban jirgi ya tsere ya bar ka? Ina dariya, ƙanwarmu tana gefena tana dariya, yana jin muryarta.

"Kai ka faɗa," ya ce. "Ni 'eh' kawai na ce."

Na tuna wayar. Na tuna har inda nake tsaye, da ludayin suya a hannuna. Ruwa yana ta tafiya, taɓo yana fitowa baƙi yana wari.

Da muka yi azahar na faɗa masa saƙonta, duka ukun, yadda ta jera su. Na ce ya ɗauko abin da zai ɗauka mu bi jirgin la'asar. Ya ce a'a. Ya ce shi ne babba, shi ya ce a shiga ruwan, ba zai iya tsayawa gabanta ba, ba zai iya tsayawa gaban mutanen Utai ba. In je ni in faɗa, ai bakina ya iya magana.

Na ce masa, "Yaya, bakina ne matsalar. In na shiga Wudil na ce mutumin nan ya mutu, tsayawa za su yi suna jiran inda labarin zai ba da dariya. Ita kuma cewa ta yi wanda ya gani. Ni ban gani ba."

Ya ɗauki gammonsa ya koma kan kwanduna.

Na bi shi ina magana har na gaji. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa iyayenmu da ke kabari, duk yana tafe yana dawowa da kwando a ka kamar da bango nake yi. Aka cire kan jirgin daga gaba, ya bi ta wani ɗan layi na gefe yana huci, ya zagayo aka ɗaura shi a inda ɗazu yake wutsiya. A tashar ƙarshe haka ake yi, tunda ba gaba. Aka rufe taragun kifi. Muka yi la'asar a rumfa, shi a gaba ni a baya, ya sallame ya miƙo min hannu wai in sauka lafiya.

Na je wurin dattijon tasha don in yi masa sallama, sai na tambaye shi ko shi ne ya buga ƙarfe ranar. Ya ce shi ne, har hannunsa ya kumbura. Na roƙe shi ya faɗi abin da ya gani in ɗauka a waya. Ya cire hularsa ta aiki, ya faɗa da Hausarsa mai ɗingishi, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya gama ya tambaye ni matar tana nan? Na ce tana nan, shekara shida tana jira. Ya ce shi an ce masa an sanar da gida tuntuni.

Na shiga tarago na zauna. Direba ya yi usur. Dattijon yana tsaye a bakin rumfa, koriyar tutar a hammata, bai ɗaga ba. Direba ya sake usur. Matan da kifinsu ke ciki suka fara surutu da yarensu suna nuna rana, suna nuna ruwan ƙanƙara da ke ɗiga daga taragu. Bai kula su ba. Ya kira Yaya da hannu.

"Aboki," ya ce, "aiki ya ƙare. Ɗakin fitila ina so yau. Jirgi ba ya tashi sai kai kana ciki."

Yaya ya tsaya yana kallonsa. Mata suna ta faɗa, har wata ta zo ta ja rigar dattijon. Ni ina leƙe ta taga, kuma a rayuwata ban taɓa yin shiru mai wuya irin wannan ba. Can Yaya ya cire gammon ya ajiye a kan benci, ya zagaya baya. Ya fito da buta da gora ɗaya, mai ɗinkin. Ya shigo ya zauna nesa da ni, goran a cinya. Sannan tutar ta tashi.

Kwana biyu muna hanya, maganar da ya yi ba ta wuce ta salla da ruwan sha ba. Da motarmu ta hau gadar Wudil, masu suya suka hango ni suna ɗaga hannu suna kiran in ba su labarin teku. Na yi kamar ban ji ba.

Washegari da safe aka zauna a zauren malam. Baffanmu ya zo, ƙanin mahaifin mamacin ya zo daga Utai, ƙanwata tana zaune daga bakin ƙofar cikin gida da hijabinta. Yaya ya faɗa tun daga saukarsu jirgi har dawowar goran, kansa a ƙasa, bai tsallake ko wayar da ya bugo ba. Ni ma na faɗi nawa. Aka saurari muryar dattijon tasha a wayata. Mutumin Utai ya juya goran a hannunsa, ya ajiye, ya rufe fuska da babbar riga. Aka yi salati, aka yi addu'a.

Ita ba ta yi kuka ba. Da aka shafa, ta tambayi malam daga yau za ta fara takaba ko daga gobe. Malam ya yi gyaran murya ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goman nata sun wuce tun shekarar farko. Babu komai a kanta, ko yau aka zo neman aurenta ya halatta.

Wata magana ta taso min har bakin harshe, irin wadda na saba, wai an yi mata rangwame. Na haɗiye ta.

"Allah gafarta malam," ta ce, "lokacin da ya kamata in yi takabarsa, lalle nake sawa ranar Sallah saboda an ce yana gaishe ni. Yanzu kuma a ce ta wuce? In na zauna a ɗakina, na yi laifi?"

Malam ya ce ba wajibi ba ne a kanta, amma ba mai fitar da mutum daga ɗakinsa.

A ranar ta cire 'yan kunne, ta ba matata kwalli da turarenta, ta shiga ɗaki. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa daga Utai da Achika kamar jiya aka yi rasuwar. Wasu dangi sun ce wahalar da kai ne kawai, ita dai ta ci gaba da zamanta. Yaya yana kwana a shagon zaure, da rana yana taya ni wanke kifi da ruwan jarka. Ni na ci gaba da suya, direbobi suna cewa teku ta cinye min baki.

Ta cika kwanakinta cif. Ranar da ta gama ta yi wanka, ta sa atamfa, ta ce za ta Utai ta gaishe da mahaifiyarsa, kuma ba ta son rakiya. Muna tsaye a zaure ni da Yaya ta zo wucewa. Ta tsaya ta gaishe ni, ta ce in faɗa wa Yaya abincinsa yana rufe a tsakar gida, kada ya bari ya huce. Yana tsaye a wurin, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Na juya na faɗa masa.